Ka sayi babbar kyamara amma ido ya ƙi fita: ina matsalar otofokas take ne wai?

Akwai wani irin takaici da sai wanda ya tara kuɗi ya sayi babbar kyamara ne ya sanshi. Kaje kamu ko dina ko walima kayi ta ɗauka, kana leƙawa a ɗan sikirin ɗin bayan kyamara komai ras, ka dawo gida ka zuba hotunan a kwamfuta ka buɗe su da girma sai kaga aikin wuyan babbar rigar ango ya fito tar har zaren kana iya ƙirgawa, amma idon angon kansa dishi-dishi. Hoton da ke biye ido ya fita, na bayansa kunne ne ya fita, na bayan wannan kuma labulen da ke bayan mutanen ne yayi kyau. Ga wata ƙawar amarya can ta ɗauka da Tecno ɗinta ta ɗora a Instagram tun daren jiya, nata garau.

Daga nan mutane suke rabuwa gida biyu. Wasu suce an cuce su, kyamarar ce marar kyau, su sayar da asara su koma wani kamfanin. Wasu kuma, yawanci tsofaffin hannu a harkar, kafin ka rufe baki sun ce maka ai kai ne baka iya ba, kyamara bata laifi. Ni dai a ganina duka biyun sun ɗauki abin da sauƙi da yawa, domin kyamara tana laifi, manyan kamfanoni sun sha fitar da kaya masu matsala kuma sun amsa da bakinsu, sannan kuma mai hoto shima yana laifi, lens yana nashi, hasken ɗaki yana nashi. Abin da ya kamata mutum ya fara ganewa shine wane irin kuskure ne kyamararsa take yi, saboda kuskuren fokas iri biyu ne kuma ɗaya ne kawai yake da magani mai sauƙi.

Bari mu fara da yanda otofokas yake aiki, wato kyamara ta saita kaifin hoto da kanta, don in baka san wannan ba duk sauran maganar zata zama kamar tatsuniya. Kyamara bata san me kake so ba, bata san ango ba bata san labule ba, abin da take nema kawai shine iyaka tsakanin haske da duhu. Hanyoyi biyu ne. Ta farko lalube ce, kyamara ta tura gilashin lens gaba ta duba, ta ƙara turawa ta duba, har sai taga inda iyakar tafi kaifi, kuma bazata san ta kai wurin ba sai ta wuce shi ta dawo baya. Shiyasa zakaga hoton yana shiga yana fita kafin ya tsaya. Tana da daidaito sosai amma tana da nawa. Hanya ta biyu kuma ita ce a ɗebo haske daga gefen lens na dama da na hagu a kwatanta su, tazarar da ke tsakanin hotunan biyu ita zata gaya wa kyamara wane ɓangare zata juya lens kuma da nawa, tashi ɗaya. Wannan ce Minolta ta shahara da ita a 1985 da kyamararta 7000, Canon ya biyo da EOS 650 a 1987, kuma duk DSLR ɗin, wato manyan kyamarori masu madubi a ciki, da kake gani a hannun masu hoton biki a kanta suke tafiya.

To ga inda gizo ke saƙar. A cikin DSLR, na'urar da ke auna fokas daban take da sensar da ke ɗaukar hoton. Haske yana shigowa ya daki babban madubi, mafi yawansa ya tafi sama zuwa idonka, kaɗan ya ratsa ta tsakiyar madubin ya daki wani ɗan ƙaramin madubi da ke maƙale a bayansa, shi kuma ya tura shi ƙasa can gindin kyamara inda na'urar auna fokas take. In ka danna shata, wato maɓallin ɗauka, sai madubin ya ɗaga haske ya wuce kai tsaye zuwa sensa. Kaga kenan hanya biyu ce, kuma dole tsawonsu yazo ɗaya cif, in aka samu bambancin da bai kai kaurin gashin kai ba, to kyamara zata yi maka ƙara tit-tit ta nuna maka ta kama, a wajenta ta kama ɗin, amma a kan sensa fokas ɗin ya faɗi gaban mutum ko bayansa. Sannan kowace kyamara da kowane lens suna fita daga masana'anta da ɗan abin da aka yafe musu na kuskure, kyamara ta karkata kaɗan gefe ɗaya, lens shima ya karkata kaɗan gefen, kowannensu shi kaɗai lafiyarsa ƙalau amma in ka haɗa su sai kuskuren ya taru. Wannan ne yasa lens ɗin abokinka yake yanka a kyamararsa, ka ara ka sa a taka ya zama shirme.

Kuma mutane basa lissafa ƙanƙantar wurin da ake magana a kai. Ka ɗauki lens 50mm, ka buɗe ƙofar haskensa zuwa f/1.8 (ƙaramar lamba na nufin babbar ƙofa) don bayan hoto ya narke irin yanda kowa yake so yanzu, kana tsaye mita 2 daga mutum da kyamara irin su Canon 600D, zurfin wurin da zai fito tar bai wuce kamar santimita 11 ba, rabi gaba rabi baya. In 85mm ne a f/1.4 akan babbar sensa kana mita ɗaya da rabi, ya koma ƙasa da santimita 3, wato daga ƙwayar ido zuwa kan hanci ma ya ƙare. Waya kuwa sensarta ƙarama ce, ainihin tsawon lens ɗinta 'yan milimita ne da basu kai goma ba, don haka kusan komai yana cikin fokas tun daga gabanka har bango, narkewar bayan da kake gani manhaja ce ta zana shi daga baya. Ba wai wayar tafi kyamararka iya fokas bane, jarrabawar da aka bata ce mai sauƙi.

Yanzu maganar kuskure iri biyu. Agogon da kullum yake gaba da minti biyar ba matsala bane, ka san shi, zaka cire biyar ɗin a ranka ko ka saita shi. Agogon da yau yana gaba gobe yana baya jibi daidai, shi ne zai sa ka rasa jam'i. In kyamararka kullum bayan mutum take kamawa da tazara iri ɗaya, wannan ana gyarawa, Canon suna kiran wurin AF Microadjustment, Nikon kuma AF Fine Tune, zaka matsar da shi daga -20 zuwa +20 har ya zauna, kyamarar ta riƙe wa kowane lens lambarsa. Sai dai abin haushin, ƙananan kyamarorin da yawancin masu farawa suke iya saya basu da wannan wurin kwata-kwata. Canon 600D, 700D, 1300D, 2000D, 4000D babu. Nikon D3100 har D3500, D5100 har D5600 babu. Canon ma har sai da ya sa shi a 50D, yazo ya cire a 60D a 2010, sannan ya dawo da shi a 70D a 2013, a ganina ba don komai ba sai don a bambanta mai ƙaramin kuɗi da mai babba. In taka bata da shi sai dai a buɗe ta a wajen mai gyara. Ko mai shi ɗin ma in lens ɗin zuum ne, lambar da tayi daidai a 24mm ba lallai tayi a 70mm ba, shiyasa kyamarorin da suka biyo baya irin 5D Mark III suka bada lamba biyu, kamfanin Sigma kuma ya fito da wani ɗan faifai da ake jona lens da kwamfuta a saita shi a wurare har 16.

Ɗaya kuskuren, na yau gaba gobe baya, shi ne yake kashe wa mutum gwiwa, don shi yake cire maka yarda da kayan aikinka, ka koma kana ɗaukar hoto biyar a wurin da ɗaya ya isa kana addu'a. Dalilansa suna da yawa. Akwai motar cikin lens, mai araha tana da lako-lako, an ce mata tsaya nan sai ta ɗan zarce ko ta gaza. Tsohon Canon 50mm f/1.8 II ɗin nan na roba da kowa ya fara da shi yayi suna a wannan, gilashinsa kaifi amma motar sai a hankali, sai a 2015 da aka fito da na STM mai sabuwar mota abin ya gyaru sosai. Lens ɗin wasu kamfanoni irin Sigma da Tamron da Yongnuo kuma a zamanin DSLR ba basu sirrin yaren da kyamarar Canon ko Nikon ke magana da lens akayi ba, kwaikwayo sukayi, shiyasa lens mai kyau irin Sigma 18-35mm f/1.8 da masu bidiyo ke so mutane da yawa suka yi ta kuka da shi wajen hoto ta madubin ido, wato 'yar tagar da ake leƙawa a ɗauka. Akwai kuma su kansu ɗigon fokas ɗin da kake gani a cikin madubin ido. Ba duka suke ɗaya ba. Wasu layi ɗaya kawai suke gani, ko na tsaye ko na kwance, wasu kuma masu gicciye suna ganin duka biyun. 600D da 2000D ɗigo 9 garesu amma na tsakiya ne kaɗai mai gicciye, sauran takwas ɗin in haske ya ragu kusan ado ne. Hatta 6D mai babbar sensa ɗigo 11 ne, ɗaya tal mai gicciye, 5D Mark III kuwa 61 ne, 41 masu gicciye, kuma duka a 2012 suka fito. Ƙari a kan haka, ainihin wurin da ɗigon yake ji yafi ɗan akwatin da aka zana maka girma, ka ɗora akwatin a ido amma gefensa yana taɓa hula, hular kuma zanna bukar ce mai zane kala-kala, wa kake ganin kyamara zata zaɓa?

Masu cewa kyamara bata laifi ya kamata su tuna da Canon EOS-1D Mark III. A 2007 ta fito, kusan dala 4,500, hoto 10 a sakan ɗaya, an yi ta ne musamman don masu ɗaukar wasanni da 'yan jarida, wato mutanen da fokas shine abincinsu. Wani mai hoto ɗan Kanada, Rob Galbraith, ya gwada ta ya rubuta dalla-dalla cewa in tana bin abu mai gudu tana sakinsa, musamman a rana mai haske da zafi. Mutane da yawa suka taso masa da irin maganar nan ta baka iya saiti ba. Kafin shekarar ta ƙare Canon ya fito ya amsa cewa a wani rukuni na kyamarorin ɗan ƙaramin madubin nan na baya baya zama inda ya kamata, ya bada lambobin waɗanda abin ya shafa yace a kawo gyara kyauta, ya kuma biyo da sabbin famwaya, wato manhajar cikin kyamara. A daidai lokacin Nikon ya fito da D3, ƙwararru da dama suka tattara suka koma can. Ka lura fa, zafi ne yake tada matsalar, to ka ƙiyasta ta a filin wasa a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu. Nikon ɗin ma bai tsira ba, D800 ta 2012 mai megafiksel 36 da ɗigo 51, wasu daga cikin na farko-farko ɗigon gefen hagu basa kamawa daidai alhali na tsakiya da na dama lafiya lau, sai an mayar an sake saita su a cibiyar gyara. Wanda ya sayi irin wannan ya zauna yana zargin hannunsa wata da watanni, an zalunce shi sau biyu.

Talla kuma bata taimaka ba. Abin da ake rubutawa a kwali gudu ne da yawan ɗigo. Sony yace a6400 tana kama fokas a sakan 0.02 da ɗigo 425, Canon yace EOS R tana da wurare 5,655 kuma tana gani a duhun da suka kira -6 EV. Ba ƙarya sukayi ba, amma karanta ƙananan rubutun, wancan duhun da lens f/1.2 aka auna shi, lens ɗin da a 2018 da suka fito shi kaɗai kuɗinsa ya kai na kyamarar. Kai kuma lens ɗin da yazo maka a kwali in ka zuƙo shi yawanci f/5.6 ne, hasken da yake shigarwa ya gaza na f/1.2 sau ashirin da wani abu. Babu kamfanin da yake rubuta maka a cikin hoto ɗari nawa ne zasu faɗa a ido, kuma wannan ce kaɗai lambar da mai hoton biki yake buƙata. Masu gwaji a YouTube suma yawanci da rana suke yi, da lens mafi tsada, mutum ɗaya yana tahowa a fili babu kowa a bayansa.

Mu kuma wurin aikinmu ba haka yake ba sam. Ɗakin taro ne da fitilu shuɗi da ja suna juyawa, hayaƙin nan da ake saki lokacin shigowar amarya, mutum talatin sun yanyame ana liƙi hannuwa suna gilmawa ta gaban lens. Fuska baƙa ko wankan tarwaɗa a tsakiyar farar shadda mai ƙyalli, a wajen na'urar da iyakar haske da duhu kawai take nema shaddar da aikinta sun fi fuskar kira. Amarya kuma an lulluɓe ta da net mai duwatsu, kyamara ta kama net ɗin ta bar idon da ke bayansa da santimita biyu uku, wanda a f/1.8 ya isa ya ɓata hoton. Sabbin kyamarori masu gane fuska da ido sun rage wannan sosai, amma suma koya musu akayi da tarin hotuna, kuma abin da aka fi nuna musu shi suka fi ganewa. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru sun gwada manhajojin tantance fuska na IBM da Microsoft da Face++, kuskurensu akan maza farare bai kai kashi 1 cikin 100 ba, akan mata baƙaƙe kuwa har ya kusa kashi 35. Ba akan kyamarar hoto akayi binciken ba, amma ya nuna abin da ke faruwa in wanda ya koyar da na'ura bai sa irin fuskarka a lissafi ba, kuma kamfanin da ke yin Tecno da Infinix da wannan gurbin ya ci kasuwar Afirka, ya gyara kyamarar wayoyinsa don fatarmu. Ka ƙara da rawani da niƙabi da gilashin ido masu rufe rabin fuska.

Sai ƙura. Na'urar fokas ɗin DSLR a ƙasan akwatin madubi take tana kallon sama, duk ƙurar da ta shiga lokacin canza lens a kanta take sauka, kuma kowa sensa yake gogewa ya manta da ita. Bayan hunturu ɗaya a Kano ko Damagaram kyamarar da take kamawa da ka taɓa sai ta fara laluben da bata saba ba, wani lokacin ɗan famfon robar nan na hura iska kawai take so. Hazo shima yana cinye bambancin haske da duhu. In kuma hawan sallah kaje da dogon lens da rana tsaka, tururin zafin da ke tashi daga ƙasa yana murɗa hoton mahayin da ke nesa, wannan babu kyamarar da zata gyara shi ko nawa ka saye ta.

Wani kaso mai yawa na hotunan da ake cewa fokas ne ma ba fokas bane. Ka duba hoton da kyau, in akwai wani abu a ciki da ya fito tar, kunne ko maɓalli ko bango, to fokas ne ya sauka inda ba'a aike shi ba. In babu komai mai kaifi ko ina, girgizar hannu ce ko motsin mutum, shata tayi jinkiri. Kyamara in ka barta a oto a ɗaki mai duhu zata sauke gudun shata zuwa 1/60 na sakan ko ƙasa, mai rawa kuwa yana son 1/250 zuwa sama, doki a sukuwa 1/1000. Haka wanda ya bar kyamararsa a One Shot ko AF-S yana ɗaukar mai tahowa, ta kama ta kulle, mutum yana tafiyar kusan mita ɗaya da rabi a sakan, kafin ka ƙarasa danna shata ya fice daga santimita 11 ɗin nan tuni. AI Servo ko AF-C akayi don wannan. Wannan ɓangaren kam tsofaffin hannu sun yi gaskiya.

Kasuwarmu ta kayan hannu ita ma da nata. Tunda aka saki naira a tsakiyar 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, sabuwar kyamara ta fi ƙarfin yawancin masu farawa, kowa sai Landan yus, ko daga Legas a saƙo maka a mota ko ka gani a WhatsApp ka tura kuɗi, cinikin biri a sama kenan. Ana tambayar shata kawun nawa ne, wato hoto nawa ta taɓa ɗauka, ana duba ko jikinta ya goge, amma ba'a tambayar ko ta taɓa faɗuwa, alhali faɗuwa ɗaya ta isa ta karkatar da madubi ko bakin da lens yake zama ba tare da ko ƙwarzane a waje ba. Wani abin ma ba lalacewa bane rashin sani ne. Nikon D3000 da D5000 da duk 'ya'yansu basu da motar fokas a jikinsu, in ka sa musu tsohon lens irin 50mm f/1.8D mai araha ɗin nan bazai taɓa yin otofokas ba har abada, sai lens mai rubutun AF-S a jikinsa, wato mai motarsa a ciki. A ɗaya gefen kuma sabon lens 18-55mm mai AF-P baya aiki a D3100 ko D5100. Mutum nawa ne suka ɗauka an sayar musu da matacciyar kyamara saboda wannan kawai.

To sai ace a koma kyamarori marasa madubi mana a huta. Eh, rabin maganar gaskiya ne. Tunda a kan sensar hoton kanta ake auna fokas, matsalar hanya biyu ta mutu, babu kullum-gaba ko kullum-baya, har tsohon lens ɗin da yake baka wahala a DSLR in ka sa shi da adafta sau da yawa sai kaga ya nutsu. Amma matsalar ta tashi ne daga ƙarfe ta koma manhaja. Canon EOS M ta farko a 2012 nawar fokas ɗinta sai da ya zama abin dariya, aka gyara da famwaya a 2013 bayan farashinta ya riga ya faɗi. Panasonic ya dage shekara da shekaru akan hanyar lalube, masu bidiyo da kyamararsa GH5 suna kallon bayan hoto yana numfashi yana shiga yana fita, sai a Janairun 2023 da S5 II suka sauko suka sa ɗaya hanyar. Nikon Z6 da Z7 sun fito a 2018 basa gane ido, sai a Mayun 2019 aka ƙara musu. Fujifilm kuma nasu a juye yazo, a 2024 masu X-T5 da X-H2S suka yi ta ƙorafi cewa sabon famwaya ya mayar musu da fokas baya, akwatin yana kan ido kore shar amma hoton ba'a ido yake ba, sai da kamfanin ya sake fitar da wani gyaran. Ma'ana kyamarar da ka gani a bidiyon gwaji ba lallai ita ce a hannunka ba ko da sunansu ɗaya, ka duba lambar famwaya, kuma kar ka sabunta ana gobe aiki. Sannan akwai abu ɗaya da masu hoton dare suke rasawa in sun bar DSLR, jan zanen nan da filasha take haskawa a jikin mutum don kyamara ta samu abin kamawa a duhu, yawancin marasa madubi basa amfani da shi.

Yanda zaka gane naka wane iri ne baya cin kuɗi. Manna jarida a bango inda haske yake sosai, ɗora kyamara akan tirayfod ko teburi tana kallon bangon sak, in 50mm ne ka bada kamar mita 2, buɗe lens iya buɗewarsa, ɗigon tsakiya, ka sa taima don hannunka ya fita daga maganar. Kafin kowane hoto ka murɗa fokas ya ɓace sannan ka bari ta kamo da kanta. Yi goma ta madubin ido, yi goma ta sikirin wato Live View, domin ta sikirin sensa ce da kanta take aunawa. In na sikirin sun fito tar na madubi duk sun yi laushi iri ɗaya, saiti ne, ka jera batura uku a karkace ɗaya gaba ɗaya baya ka kama na tsakiya zaka ga ɓangaren da take karkata. In na madubin wasu tar wasu shirme, ka canza lens ka maimaita, in ya daina lens ne in bai daina ba kyamarar ce. In duka ashirin ɗin basu da kaifi gilashin lens ɗin ne da kansa. In kuma duka sun fito tar, to Malam kayanka lafiya suke, a ɗakin biki matsalar take. Ka maimaita da ɗigon hagu da na dama saboda irin labarin D800.

Wannan gwajin a shago ya kamata ayi shi kafin kuɗi su fita, da katin memori naka, a buɗe hotunan a laftof ba a bayan kyamara ba. Mai kayan da ya hana ka minti ashirin na gwaji ya riga ya baka amsa. A rubuta lambar jikin kyamara da ta lens a rasit, a yi sharaɗin kwana biyu ko uku na mayarwa a gaban shaida, wannan ba baƙon abu bane a wajen 'yan kasuwarmu, zaɓin mayar da kaya saboda aibi sananne ne a fiƙihu tun kafin dokar kare masu saye ta Najeriya ta 2018 da hukumarta FCCPC su zo su faɗi irinsa. Garantin kamfani kuwa kar ka dogara da shi, kayan da aka sayo a Amurka ko Dubai aka shigo da su a jaka yawanci garantinsu na can ne.

In ni za'a tambaya, mai kuɗi kaɗan da yake son aikin biki gara tsohuwar 5D Mark III ko Nikon D750 mai lafiya da aka gwada a gabansa, da sabuwar 2000D a kwali, in kuma bidiyo ne rabin aikinsa to ya nemi Canon mai Dual Pixel, wato mai auna fokas a kan sensa, daga 70D zuwa sama ko Sony daga a6400 ko a7 III. Ya yi hayar irinta na yini ɗaya ya shiga da ita ɗakin taro na gaske tukunna. Wanda kuma 600D ko D3200 ce a hannunsa babu halin canji yanzu, ya tsaya a ɗigon tsakiya, ya rufe lens zuwa f/2.8 ko f/4 in mutane sun wuce ɗaya, shata kar ta sauka ƙasa da 1/200, ya ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, ba tsoro don ƙurar hoto, ɗigo-ɗigon da ISO yake kawowa, ana iya rage ta a kwamfuta fokas ɗin da ya kauce kuwa ba'a dawo da shi, ya sa filasha mai jan zane, kuma duk lokacin da ba'a maimaitawa, shigowar amarya ko sa lalle ko yanka kek, ya saki shata ya sake kama fokas tsakanin hoto da hoto maimakon ya danne ta tayi ta harbi akan kamun farko.